Yadda ake gyara kujerun mota su yi daɗin zama a doguwar tafiya

Duk wanda ke tashi daga Sakkwato ya bi ta Talata Mafara, ya wuce Gusau da Tsafe har Funtuwa, ya san ba gargadar hanya kaɗai ke gajiyar da mutum ba. Kujera ma tana da nata alhakin. Mota lafiya lau, inji sumul, amma tun kafin a yi rabin tafiya ƙugu ya riƙe, ƙafa ta mutu, bayan riga ya jiƙe sharkaf. Yawancin motocin da muke ɗaukar iyali a ciki, Sienna ce ko Sharon ko bas ƙirar Hiace, 'yan Kwatano ne. Sun sha zama a wata ƙasa kafin su iso hannunmu, sosonsu ya riga ya gaji.

Abin da akasarin mutane ke yi shi ne su kai wa mai kushin su ce a ƙara laushi, a rufe da leda mai sheƙi. Nan ake ɓata kuɗi. Laushi daban, daɗin zama daban. Kujerar da za ta kai ka Kano ba ka galabaita ba ita ce mai ƙarfi a ƙasa, ɗan taushi a sama, da rufin da iska ke ratsawa.

Fara da gano inda ciwon yake

Kafin a kwance ko noti ɗaya, zauna a kowace kujera na ɗan lokaci, ka jingina sosai. Idan ka ji ƙarfe ko katako na taɓa ka daga ƙasa, soso ya mutu. Idan kana karkata gefe guda, to ko gefen soson ya cinye, ko sifirin ya tsinke. Wannan ya fi faruwa a kujerar direba, ɓangaren ƙofa, saboda shiga da fita. Idan kuma kana ta zamewa gaba kana gyara zama, gaban kujerar ne ya kwanta. Ka tambayi waɗanda suka fi zama a baya, musamman iyaye da mata masu goyo, domin su ne ke shan wahalar da direba bai san da ita ba.

A kwance, a duba ƙashin kujerar

Idan kujerar gaba ce, a cire kan batir tukuna, a ɗan jira, sannan a taɓa wayoyin da ke ƙarƙashinta. Mahaɗin waya mai launin rawaya na jakar iskar da ke buɗewa lokacin haɗari ne, ba abin wasa ba ne. Bayan an fito da kujerar an zare rufinta, a duba ƙarfen. Inda ya tsage a kai wa mai walda, inda ya yi tsatsa a goge a shafa fenti, sifirin da ya saki a canja shi. Sabon soso a kan karyayyen ƙarfe ba ya daɗewa. Bencin bas da aka yi wa gindi da katako kuwa, a huda katakon wurare da yawa da girman yatsa, don iska ta samu hanyar fita idan an zauna, kuma damshin gumi ya daina taruwa.

Zaɓen soso, nan aikin yake

Kada ka bar mai kushin ya zaɓa maka shi kaɗai, ku je shagon tare. Ingancin soso yana cikin nauyinsa. Ɗauki guda biyu masu girma ɗaya, ka jinjina su a hannu: wanda ya fi nauyi shi ya fi ƙarko, ko da kuwa a ido kamanninsu ɗaya. Masu yin sa suna auna shi da kilo nawa ke cikin mita ɗaya tsawo, faɗi da kauri, kuma na zama ana son ya kai 30 ko ya haura. Kamfanoni irin su Vitafoam da Mouka suna da aji-aji, don haka ka ce na zama kake so, mai nauyi, ba na jingina ba.

Sai gwaji na biyu. Ajiye shi a ƙasa, ka danna da gwiwa da dukan nauyinka. Idan gwiwarka ta taɓa siminti, bar musu kayansu. Idan ka ɗaga ya dawo nan take ba tare da ya bar rami ba, ya yi.

Ni dai shawarata a yi hawa biyu. A ƙasa a sa mai tauri, inci biyu zuwa uku; irin wanda ake haɗawa da gutsattsarin soso masu launi-launi a matse, yana da kyau a nan. A sama a ɗora mai taushi inci ɗaya. Na ƙasa shi ke ɗaukar nauyi, na sama shi ke karɓar jiki. Wajen jingina ba ya buƙatar tauri haka, matsakaici ya isa. Kuma a kula da kauri gaba ɗaya: idan aka cika tsawo, kan dogon mutum zai riƙa dukan rufin mota a duk ramin da aka faɗa, gajere kuma ƙafarsa ta yi ta reto.

Yanka da siffa

A yanka soson da doguwar wuƙa mai kaifi, a bar shi ya ɗara ma'auni da kamar rabin inci ta kowane gefe, don ya cika rufin dam, kada ya yi tattara. Gam ɗin da ake manna shi a shafa a fuska biyu, a bari ya sha iska har ya fara kama yatsa, sannan a haɗa. A yi wannan a fili, nesa da wuta, domin gam ɗin na kama wuta da sauri kuma warinsa na hawa kai.

Abu biyu za ka tsaya a kai har sai an yi. Na farko, gaban mazaunin ya ɗan fi bayansa tudu, yadda zai tallafi cinya, amma idan ka jingina a samu tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin bakin kujera da bayan gwiwarka. Idan bakin na danne wurin, shi ke hana jini gudu har ƙafa ta mutu. Na biyu, a manna wani siririn soso a wajen jingina daidai inda baya ya lotsa, sama da ɗamara kaɗan. Kafin a manna, ka zauna a riƙe maka shi a baya, a yi ta ɗagawa ana saukewa har ka ce nan ne. Sai ka ce masa, "Malam, sa alama a nan da alli." Wannan ɗan guntun soson ya fi komai rage ciwon ƙugu. Bencin da ya miƙe ƙyam kuma, idan da wuri a baya, mai walda ya ɗan kwantar da shi kaɗan.

Rufi

A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, kuma cikin motar da aka rufe a rana ya fi haka nesa. Baƙar leda a irin wannan yanayi tamkar tanda take, ga shi ba ta shan gumi, kuma rana na farfasa ta. Yadi mai kauri, mai haske-haske kamar ruwan toka ko ruwan ƙasa, shi ya dace da inda jiki ke taɓawa. Leda a bar ta a gefe da baya, inda yara ke sa ƙafa. Mai hali yana iya neman fata ta gaske, tunda garin nan ya yi suna da fatar jar akuya tun zamanin fatauci ta hamada, sai dai ita tana son a riƙa shafa mata mai don kada hunturu ya busar da ita. A sa wa rufin zif, saboda ƙurar hunturu na shigewa yadi, dole a riƙa cirewa ana wankewa.

Kujerar da aka rubuta SRS Airbag a gefenta, kada a yarda a ɗinke gefen nan da yadi mai ƙarfi ko a ninka masa ɗinki. Ta wurin jakar ke fasowa. A bar asalin rufin gefen yadda yake, a gyara tsakiya kawai.

Mayarwa da gwaji

A mayar da kowane noti mazauninsa, a ɗaure tam da sifana, ban da waya ko igiya. A fito da bakin bel na kowace kujera a fili. Sau da yawa sabon soso kan binne shi, a wayi gari babu mai ɗaurawa. A haɗa wayoyi, a mayar da kan batir, a tayar da mota a ga ko fitilar jakar iska ta mutu a gaban direba. Idan ta ƙi mutuwa, a kira mai wayarin.

Kada ka biya cikon kuɗin aiki sai ka gwada. Ɗauki mutum biyu ko uku, ku miƙa hanyar Bodinga ko ta Wamakko ku dawo, kowa ya faɗi inda ya ji. Sabon soso kan ɗan yi tauri a makonnin farko kafin ya saki, wannan ba aibi ba ne. Amma tudun baya da bai zauna daidai ba, ko bakin kujera mai danne cinya, ba sa gyaruwa da kansu. A koma a buɗe zif a gyara.