Baƙar fumfunar hanci bayan mura ko korona: yadda ake ganewa da yi mata magani

Mai ciwon suga da ya tashi daga mura mai tsanani ko korona, sannan gefe ɗaya na fuskarsa ya kama ciwo, kada a sallame shi da maganin mura. A nemi baƙar fumfuna, wadda likitoci ke kira mukomaikosis. Ƙwayoyinta suna cikin ƙura da ruɓaɓɓen abinci, kowa yana shaƙarsu ba abin da ke samunsa. Amma idan suga ya hau, garkuwar jiki ta yi rauni, sai su shiga jijiyoyin jini na kogon hanci su toshe su, naman ya mutu ya yi baƙi, cutar ta wuce ido da ƙwaƙwalwa cikin kwanaki. A Indiya a 2021 ta kama mutum fiye da 40,000, galibinsu masu suga da aka bai wa dekzametazon, maganin kumburi mai raunana garkuwar jiki, wanda a nan Kano ake saya a kemis ba takardar likita, har don neman ƙiba.

Alamomin su ne toshewar hanci ɗaya, majina mai jini ko baƙa, kunci ya daina jin taɓawa, haƙoran sama su yi girgiɗi, fatar ido ta kumbura ko ta sauko, gani ya rabu biyu. A sa marar lafiyar ya buɗe baki a haska ganɗa. Baƙin tabo a nan yana nufin abin ya yi nisa, don haka ba a jiran ganinsa. A auna suga, a duba kiton (sinadarin da ke nuna ciwon suga ya tsananta) a fitsari, a tura shi ranar zuwa inda ke da likitan kunne, hanci da maƙogwaro, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Can za a leƙa hancin da siririyar kyamara. Naman da ya koɗe ko ya yi baƙi, ba ya zafi, ba ya jini idan an taɓa, shi ake gutsura. Goge majina da auduga kawai yakan ba da sakamakon ƙarya. A raba naman biyu: ɗaya a ruwan gishiri don shuka ƙwayar a ɗakin gwaji, ɗaya a fomalin, sinadarin da ke hana nama ruɓewa. Kada a niƙa na farkon, domin zaren fumfunar yana karyewa ya ƙi tsirowa. Da sinadarin KOH na kashi 10 cikin 100 ana ganinta ranar a madubin gwaji: zare mai faɗi marar gaɓoɓi. Idan siriri ne mai gaɓa-gaɓa, wataƙila asfajilas ce, wata fumfunar daban. Hoton CT yana nuna ƙashi, MRI ya fi nuna ido da ƙwaƙwalwa.

Idan zato ya yi ƙarfi a fara magani kafin sakamako, domin jinkirin kwana shida na iya ninka mace-mace. Amfoterisin B na lifosom, wato nau'in da aka lulluɓe da kitse, ake bayarwa ta jijiya, miligiram 5 zuwa 10 ga kowane kilo na nauyin jiki a kullum. Yana da tsada ƙwarai. In babu, a ba da tsohon nau'in, miligiram 1 zuwa 1.5 ga kilo. Rikita awon biyun yana kisa. A haɗa shi da ruwan suga na kashi 5 cikin 100, domin a ruwan gishiri dunƙulewa yake yi. Ruwan gishirin, rabin lita zuwa lita ɗaya, kafin maganin ake ƙara shi don kare ƙoda, a kuma riƙa auna aikin ƙodar da fotasiyam da magnesiyam. Maganin fumfuna na fulkonazol ba ya taɓa baƙar fumfuna. Borikonazol kuma na asfajilas ne, ba nata ba.

Magani ba ya isa naman da jini ya daina zuwa, shi ya sa tiyata wajibi ce: a kankare mataccen nama har a kai mai jini, a maimaita in ya dawo. A lokaci guda a saukar da suga da insulin, a janye dekzametazon. Bayan makonni, idan hoto ya nuna sauƙi, a koma ƙwayar fosakonazol, miligiram 300 sau biyu ranar farko, sannan sau ɗaya kullum, sau da yawa har watanni.