Yadda za ka ɗora yaronka kurma kan hanyar jami'a, har ta ƙasar waje

Jama'a, mu da muke ƙauyukan Ringim, Taura, Garki da kewaye, da wuya ka shiga gari ba ka tarar da yaron da sanƙarau ko ƙyanda ta tafi da jinsa ba, kuma abin da aka saba sai a ce ai bebe ne, a miƙa masa sandar kiwo shi kenan an gama da shi. Abin nan yana ci mini rai wallahi, domin akwai jami'o'i a duniya da suka daɗe da haɗa kai saboda karatun kurame, kuma ɗan ƙauyenmu ma yana da rabo a ciki in an bi hanya.

A birnin Washinton na Amurka akwai jami'ar Gallaudet, tun 1864 take, da hannu ake koyar da darasi a cikinta. Akwai kuma kwalejin fasaha ta kurame da ke Rochester, ana ce mata NTID, wadda a 2001 ta jagoranci wani haɗin gwiwa da kuɗin gidauniyar Nippon ta Japan, aka haɗa makarantu na Japan da Sin da Rasha da Filifin suna musayar malamai da dabarun koyarwa. Ita Gallaudet ta ƙulla yarjejeniya a nan Najeriya da jami'ar Wesley da ke Ondo da ƙungiyar kurame ta ƙasa, NNAD. To ka lura da kyau, duk wannan alaƙa tsakanin makaranta da makaranta ce, ko makaranta da ƙungiya. Babu wanda zai zo ƙofar gidanka da mota yana neman yaro. Aikinka shi ne ka sa shi cikin makarantar da labari ke isa gare ta.

Fara da harshe, kuma a nan ne iyaye suka fi yin sake. Maganar hannu da muke yi da su a gida da kasuwa harshe ce cikakkiya ta kuramen ƙasar Hausa, kada kowa ya raina ta, amma ba da ita ake karatu a manyan makarantu ba. Wadda ake yi a makaranta tushenta na Amurka ne, wani kurma baƙar fata mai suna Andrew Foster, wanda ya gama Gallaudet a 1954, shi ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, daga nan ta bazu. Ka ga ke nan yaron da ya ƙware a ta makaranta ya riga ya ci rabin hanya, in ya haɗu da malami daga Gallaudet za su fahimci juna sosai ko da akwai ɗan bambanci. Saboda haka kada a tsaya jiran wai ko kunnen zai buɗe, a ci gaba da neman magani da addu'a amma a kai shi makaranta da wuri, Tudun Maliki a Kano ko makarantar kurame ta Haɗeja. Mace ma haka, don Allah iyaye mata ku daure, na san rabuwa da 'ya mace da ba ta ji akwai fargaba, ku je ku ga makarantar da idonku, ku san malamar da za ta kula da ita. Kuma a samu ko mutum ɗaya a gidan, yaya ko ƙani, ya koyi hannun tare da shi.

Sai Turancin rubutu. Yaron bai taɓa jin Turanci da kunne ba, da ido zai koye shi, shi ya sa yawanci nan ne suke faɗuwa a WAEC da NECO alhali ga ƙwaƙwalwa. Kiredit biyar ake nema har da Turanci, yawancin kwasa-kwasai kuma har da lissafi. In ya dawo hutu kada gona ta cinye lokacinsa duka, a saya masa littattafan karatu ko tsofaffi ne, in akwai waya a bar shi ya riƙa kallon bidiyo mai rubutu a ƙasa, ya riƙa tura wa malaminsa saƙo da cikakkiyar jimla ana gyara masa.

Takardu kuwa a haɗa su tun yana aji huɗu na sakandare: takardar haihuwa, lambar NIN, da takardar gwajin ji daga sashen kunne na babban asibiti, kamar na Malam Aminu Kano ko cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna. Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a ko'ina, kada nan Muhammad can Mohammed.

Ranar rajistar JAMB ka raka shi da kanka, ka tabbatar an shigar cewa kurma ne. Wajen zaɓen makaranta duba inda aka saba da kurame: kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo, jami'ar Ilorin da ke da cibiyar tallafa wa kurame, jami'ar Jos, ga kuma Bayero nan kusa da sashenta na ilimin masu buƙata ta musamman. Kafin ka biya ko kwabo ka je ka yi tambaya ɗaya, shin akwai tafintan maganar hannu a ajin kwas ɗin da yaron nan yake so? Ba a ofis ba, a aji. Ka nemi kurame da ke karatu a wurin su faɗa maka gaskiya. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da aka sa wa hannu a 2019 tana bayanka, ba roƙo ka je yi ba. Kuma in yaron kwamfuta yake so ko noma, kada a tilasta masa koyarwa don kawai kurma ne.

Da ya shiga, ya yi rajista da reshen NNAD na jiharsa ya riƙa zuwa taro, don ta nan ake jin an buɗe bita ko tallafin karatu. Gallaudet tana da tallafi na World Deaf Leadership ga kurame daga ƙasashe masu tasowa, guraben kaɗan ne ƙwarai, kuma wanda ya riga ya yi wa 'yan uwansa kurame aiki, mai niyyar dawowa gida, shi ake dubawa. To ko ajin yamma ne ya buɗe wa ƙananan kurame a garinku, a ɗauki hoto, shugaban ƙungiya ya rubuta masa shaida. Shi da kansa zai rubuta wa jami'ar imel ta adireshin da ke shafinta, malaminsa ya duba masa kawai. Duk wanda ya ce kawo kuɗi zai samo maka gurbi, ɗan damfara ne. Dokokin biza suna yawan canzawa, don haka kada a sayar da saniya ko gona sai takardar ɗauka da ta tallafi sun zo a rubuce, an kuma tabbatar da su daga jami'ar.