Yadda za ka fita intanship a kamfani kana tsakiyar mastas ko PhD ba tare da kun ɓata da Malam ba

Wannan maganar ta 'yan lab ce, 'yan bayokem da maikro da famasi da sauransu, ko kana ATBU ko Gadau ko jami'ar jihar Gombe ko Kashere. Kowa ya san SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, da hukumar ITF ke kula da shi tun shekarun 1970, toh amma wannan na 'yan digirin farko ne, da ka shiga mastas shikenan babu mai sake miƙo maka fom ya ce je ka ga yadda ake aiki a masana'anta, kai ne za ka haɗa abinka da hannunka.

A waje sun riga sun sa abin a tsari. A Birtaniya hukumar BBSRC mai ba da kuɗin binciken kimiyyar halittu tana sa ɗaliban PhD da take ɗaukar nauyi su fita wata 3 su yi aiki a wani wuri daban da bincikensu, kuma alawus ɗinsu bai tsayawa. A Amurka hukumar binciken lafiya ta NIH ta ba da tallafi har guda 17 a wani shiri mai suna BEST tsakanin 2013 da 2014 don a nuna wa ɗalibai da masu fosdok (masu aikin bincike bayan gama PhD) cewa ba koyarwa kaɗai ba ce aiki. Riƙe misalan nan biyu, za su yi maka amfani a ofishin Malam, wato mai duba aikin bincikenka.

Don daga wajen Malam ake farawa, ba daga kamfani ba. Wallahi kar ka yi kuskuren samo gurbi a ɓoye sannan ka zo masa da labari. Jira sai ka kare furofozal, ko lokacin da ka gama aikin benci kana jiran sakamako, ka same shi a natse ka ce Malam akwai na'urar rarrabe sinadarai ta HPLC da nake ta rubutawa a babi na 3 ban taɓa sa mata hannu ba, ina neman izini in je wata 3 in koyo in dawo in koya wa na ƙasa da ni. Ka ga yanzu tafiyar ta zama ribar lab ɗinsa. In ka ce masa kana son ganin ko za a ɗauke ka aiki ne, ko da gaskiyar kenan, ka kashe maganar da bakinka.

In ya amince sai a koma takarda. Wasiƙa daga gare ka, Malam ya sa hannu, ta bi ta shugaban sashe zuwa makarantar gaba da digiri, a rubuta ranar tafiya da ranar dawowa ƙarara. Tambayi sakatare abu biyu: watannin nan za a lissafa su cikin wa'adin karatunka ko dakatarwa ce, sannan rijista da kuɗin makaranta fa? Wani abokina ya tafi Legas da "ba komai je ka" na baki kawai, ya dawo ya tarar an yi semina babu shi, sai da ya ƙara zango guda, kuma Malamin da ya ce ba komai ya tafi sabatika. Yi fotokwafi, ɗauki hoto a waya, ajiye.

In kai ma'aikacin jami'a ne da ke hutun ƙaro ilimi, musamman da kuɗin TETFund, sanar da wajen aikinka ma a rubuce. Mai fosdok kuwa nasa ya fi tsauri tunda shi ba ɗalibi ba ne, albashinsa daga kuɗin tallafin bincike yake fita don wani aiki takamaimai, sai an tambayi masu kuɗin kafin ya ɗaga ƙafa. Wanda ke Amurka da bizar ɗalibai ta F-1 kar ya fara aiki a kamfani ko na kwana ɗaya sai ofishin ɗaliban waje ya ba shi izinin koyon aiki da ake kira CPT.

Ina za a je? Manyan kamfanonin magani irin su Emzor da Fidson da May & Baker suna can Legas da Ogun, kuma haya a can ba wasa ba ce, ka yi lissafin masauki kafin ka yi murna. Kusa da mu akwai NVRI a Vom, ka wuce Jos kaɗan, inda ake haɗa rigakafin dabbobi, akwai NIPRD a Abuja masu binciken magunguna. Na gwamnati ne amma za ka ga yadda ake sarrafa abu da yawa. Tambaye su a fili ko suna biyan wani abu, ba rashin kunya ba ne.

Abin da za ka koyo kuma ba injin ba ne kaɗai. A lab ɗinmu in ka yi kuskure sai ka yage shafin ka sake, a kamfani hakan laifi ne babba. Da biro ake rubutu ba fensir ba, in ka yi kuskure ka ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na farkon, ka sa hannu ka sa kwanan wata, domin ranar da NAFDAC ta zo duba, takardun nan za ta bi ɗaya bayan ɗaya. Nace a kai ka sashen tabbatar da inganci ka ga yadda ake bin SOP, wato rubutattun matakan aiki, da ƙa'idojin sarrafa magani na GMP, ka ga akwatin da ake ajiye magani a zafin digiri 40 da laima kashi 75 har wata 6 don a ga ko zai lalace. Mu da muka san watan Afrilu a Bauchi zafin ba zai ba mu mamaki ba, laimar ce dai babu.

Sai maganar da mutane ke raina wa, wato na waye sakamakon. Za su ba ka takardar riƙe sirri, kar ka sa hannu a tsaye, kawo wa Malam da ofishin lauyan jami'a su gani, don kar ka wayi gari an ce ba ka da ikon sa wani abu a tesis ɗinka. Samful na marasa lafiya kuwa ko ƙwayoyin da ka ware, kar ka cusa a kula ka hau Yankari Express ko Gombe Line da su, sai da yardar kwamitin ɗa'ar bincike da yarjejeniyar miƙa kaya a rubuce. In kuma kana ganin ganyen da kake gwadawa zai iya zama magani, yi maganar fatent, wato rijistar haƙƙin ƙirƙira, kafin ka nuna wa kowa, hukumar NOTAP na taimaka wa masu bincike a kan haka.

Duk sati biyu tura wa Malam ɗan saƙo na abin da ka koya. Kafin ka baro, karɓi wasiƙar shaida mai hatimi da lambar wanda ya kula da kai, ka dawo ka nemi minti 20 a seminar sashe ka ba da rahoto, kwafi ɗaya kuma ya shiga fayil ɗinka.