Yadda ake shirin tiyatar muƙamuƙi don magance ɗaukewar numfashi a barci

Wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci saboda toshewar maƙogwaro, abu na farko da likita zai ba shi shi ne na'urar CPAP, wadda ke hura iska ta hana hanyar numfashi rufewa. Sai in na'urar ta gagara, ko aka ga ƙirar fuskar ce tushen matsalar, ake kawo zancen tiyatar da likitoci ke kira MMA. Ana yanka ƙashin muƙamuƙin sama da na ƙasa, a jawo su gaba da kamar milimita 10, wani lokaci fiye, a ɗaure su da ƙananan faranti da sukurorin titaniyom. Harshe da ganɗa a jikin waɗannan ƙasusuwa suke, don haka su ma sai su biyo gaba, bayan maƙogwaro ya sami fili. Kusan duk yankan ta cikin baki ake yin sa.

Sai dai filin nan ba ya bayyana a makon farko. A kwanakin da ke bin aikin, hanci a toshe yake, fuska a kumbure, haƙora a ɗaure da roba, kuma sau da yawa an ce ka ajiye na'urar da ka saba barci da ita. Mafi yawan shirin da za ka yi, na makonni biyun farko bayan aikin ne.

Kafin a tsayar da rana

Ka tabbata gwajin barcinka na kusa ne, ba wanda aka yi shekaru da suka wuce ba, musamman idan nauyinka ya canza. Lambar da ake dubawa ita ce AHI, wato sau nawa numfashi ke ɗaukewa ko raguwa cikin awa ɗaya na barci. Daga 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Gwajin zai kuma nuna ko toshewa ce ke tsayar da numfashin, ko kuwa ƙwaƙwalwa ce ke daina ba da umarnin shaƙa. Iri na biyun, jawo muƙamuƙi ba ya yi masa komai.

Wasu likitocin kan sa maka maganin barci na ɗan lokaci, su zura siririyar kyamara ta hanci su ga ainihin inda hanyar ke ruftawa. Bayan nan sai hoton CT, wanda ke nuna ƙasusuwan fuska dalla-dalla, da awon haƙora, waɗanda da su ake tsara aikin a kwamfuta, a ƙera ɗan robar da zai nuna wa likita inda haƙora za su zauna. A wannan zaman ne ya kamata ka yi tambayoyinka. Milimita nawa za a matsar? Yaya fuskar za ta koma? Hanci kan ɗan ƙara faɗi idan an jawo muƙamuƙin sama, akwai kuma ɗinkin da ake yi don rage hakan. Ka nemi a nuna maka hoton hasashen, ka nuna wa na kusa da kai, domin fuskar za ta canza, ko da yake da yawa sukan ji daɗin canjin.

Ka kuma tambayi me ake nufi da nasara. A binciken da aka tattara, kusan 85 cikin 100 sukan sami abin da likitoci ke kira nasara, wato AHI ya ragu da rabi ko fiye kuma ya koma ƙasa da 20. Waɗanda suka warke sarai, AHI ƙasa da 5, wajen 40 ne cikin 100. Babu wata tiyatar ɗaukewar numfashi a sashen baki da maƙogwaro da ta fi wannan sakamako, amma wanda ya shiga da tunanin lallai zai rabu da na'ura har abada, ya kamata ya san waɗannan lambobi biyu.

Haƙora ma suna da nasu lokacin. Duk wanda ya ruɓe a cike shi ko a cire, ciwon dasashi a magance shi, don ƙwayoyin cutar baki ne ke kama farantin. Haƙoran ƙarshe na can ƙurya a muƙamuƙin ƙasa suna zaune daidai inda ake tsaga ƙashi, shi ya sa likitoci da yawa ke son a cire su kamar wata 6 kafin aikin, ramin ya cike, kada ƙashin ya tsage ta inda ba a so. Wasu kuma a ranar suke cirewa. Idan cizonka ba daidai yake ba, za ka iya buƙatar wayar gyaran haƙora na watanni da dama, har fiye da shekara, kafin a taɓa ƙashi.

Sigari da magunguna

Nan babu sassauci. Idan an raba muƙamuƙin sama da sauran ƙashin fuska, jinin da ke ciyar da shi yana zuwa ne ta naman ganɗa da na gefen baki da ya rage a manne. Nikotin da ke cikin sigari yana matse jijiyoyin jini, kuma idan jinin bai isa ba, ƙashi kan ƙi haɗewa, dasashi ko haƙori ya mutu. Ka daina shan sigari aƙalla mako 4 zuwa 6 kafin aikin, ka ci gaba da dainawa har ƙashi ya kama. Wannan ya haɗa da sigarin lantarki da cingam ko filastar nikotin, sai in likitanka ya amince. Akwai likitocin da ke gwada fitsari, su ɗage aikin idan sun ga alama.

Ka rubuta duk abin da kake sha a takarda ɗaya, har da na ƙarin lafiya da na ganye, ka kai wa likitan da zai sa ka barci. Masu tsinka jini irin su warfarin, clopidogrel da asfirin, kada ka tsayar da su da kanka. Wanda ya rubuta maka su ne zai faɗi ranar tsayarwa da ranar komawa. Ibuprofen da ƙwayoyin man kifi da ginkgo galibi akan ce a bari mako ɗaya zuwa biyu kafin lokaci. Mai ciwon suga ya faɗi idan yana shan empagliflozin ko danginsa, waɗanda ake tsayarwa kwana 3 zuwa 4 kafin tiyata, ko yana allurar semaglutide, wadda ke jinkirta fitar abinci daga ciki har ta jawo amai a lokacin sa barci. Maganin ƙarfafa ƙashi irin alendronate ma a ambace shi, ko da an daina shi da jimawa. Suga da hawan jini a daidaita su tun da wuri, kuma idan gwaji ya nuna ƙarancin jini, a gyara shi kafin ranar, don aikin yana cin jini.

Ka ci gaba da amfani da CPAP kowane dare har daren ƙarshe, ka kuma tafi da ita asibiti.

Abin da za ka tanada a gida

Ba za ka tauna komai ba na kusan mako 6. Mako ɗaya ko biyu na farko ruwa-ruwa ne zalla, sannan a koma mai laushin da ake haɗiyewa ba tauna. Kusan kowa yakan rame, kuma jikin da ba ya samun abinci ba ya ɗinke ƙashi da wuri. Ka nufi furotin giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinka a rana. Mai kilo 80 ke nan yana neman giram 96 zuwa 120, abin da ba zai samu daga ruwan 'ya'yan itace ba. Sai da madara, yogot, garin furotin, da nama ko kifi ko wake da aka dafa lugub aka niƙa. Ruwa kuma wajen lita 2. Ƙanana-ƙanana sau 6 zuwa 8 a rana ya fi sauƙi a kan manya sau 3.

Don haka kana buƙatar bilenda mai ƙarfi da rariya, domin ɗan guntun da bai niƙu ba zai maƙale a roba ko a ɗinki. Ka sami sirinji babba mai mililita 60 da guntun bututun roba mai laushi, wanda ake zurawa ta gefen kunci zuwa bayan haƙora. Ka gwada ci da shi kwana ɗaya tun kana lafiya, haƙoranka a haɗe. Abin dariya ne a gani, amma koyon sa da kumburarren baki ya fi wuya nesa ba kusa ba. Bututun zuƙa kuwa, likitoci da yawa sukan hana shi da farko.

Sauran kayan: buroshin yara mai laushi, ruwan kurkure baki na chlorhexidine da za a rubuta maka, man shafa a leɓe, ruwan gishiri na fesa wa hanci, ƙanƙara a jakar da ke naɗuwa a fuska, ƙaramin madubi, da allo ko waya don rubutu. Ka roƙi a ba ka magunguna na ruwa, har da mai sassauta bayan gida, domin masu ƙarfin kashe zafi suna ɗaure ciki. Wurin kwanciya a ɗaga kai da ƙirji kamar digiri 30, da matasan kai ko kujera mai kishingiɗa.

Sai mutum. Kana buƙatar babba mai hankali da zai kwana kusa da kai aƙalla makon farko, wanda ya san jadawalin magani da lambar da za a kira. Hutun aiki ka nemi mako 3 zuwa 4, mai aikin ƙarfi ko na yawan magana ya nemi 6.

Ranar aikin da makon farko

Ƙa'idar da aka saba ita ce a daina abinci awa 6 kafin aikin, farin ruwa kuma awa 2, amma ka bi abin da asibitinka ya rubuta. Ta hanci ake zura bututun numfashi, aikin kan ɗauki awoyi da dama, kuma masu ɗaukewar numfashi galibi a sashen sa ido sosai suke kwana daren farko. Dalili shi ne magungunan kashe zafi dangin mofin suna rage numfashi, masu wannan matsala kuma sun fi kowa saurin kamuwa. Kada ka ƙara maganin barci ko giya a kansu bayan an sallame ka.

Tambaya ɗaya da lallai ka sami amsarta kafin a sa ka barci: yaushe zan koma kan CPAP? Yankan sama yana ratsa kogunan iska da ke cikin ƙashin kunci, iska mai ƙarfi kuma na iya kutsawa ta nan ta shiga ƙarƙashin fata. Likitoci sun bambanta a kan wannan, don haka a rubuta maka amsar. Saboda wannan dalilin ne aka hana fyace hanci na makonni, atishawa kuma a sake ta ta baki.

Kumburi yakan fi tsanani a rana ta 2 zuwa ta 3, a nan ne kuma hankali ke tashi. Hanci ya cika da busasshen jini, baki ba ya buɗuwa, sai mutum ya ji kamar iska ba ta isar sa. Ka tashi zaune, ka ja leɓe gefe da yatsa, ka shaƙa a hankali ta tsakanin haƙora. Fesa ruwan gishiri akai-akai da tururin ruwan wanka suna taimakawa. Maganin buɗe hanci irin oxymetazoline kada ya wuce kwana 3, don bayan nan shi kansa yake toshe hancin. Jinin da aka haɗiye yana tayar da zuciya. In amai ya zo, ka sunkuya gaba, ruwa ne zai fita ta gefen haƙora. Almakashi ya zauna kusa da gado, a kuma nuna wa mai jinyarka robar da zai yanka idan ta kai ga haka.

Leɓen ƙasa da haɓa za su mutu, ba ka jin taɓawa, saboda jijiyar da ke ba su ji ta cikin ƙashin da aka tsaga ta bi. Yawanci jin yana dawowa a hankali cikin watanni, amma wasu wani sashe ba ya dawo musu, kuma haɗarin yana ƙaruwa da shekaru. A wannan lokaci ka gwada zafin abin sha a bayan hannu, ka ci a gaban madubi, don za ka iya ƙona leɓe ko ka cije shi ba ka sani ba.

Ka koma asibiti nan take idan numfashi yana ƙara wuya ko da kana zaune, ko jan jini yana zuba daga hanci ko baki ya ƙi tsayawa bayan minti 10 zuwa 15, ko zazzaɓi ya haura digiri 38, ko kumburin da ya fara sauka ya dawo gefe ɗaya da zafi da wari. Haka nan idan cizonka ya sauya farat ɗaya, ko sha ya gagara yini guda, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Ɗan yawo a cikin gida tun rana ta farko yana rage haɗarin daskarewar jini a ƙafa.

Dainawar munshari ba hujja ba ce cewa an warke. Tun kafin aikin ka sa a ba ka ranar sake gwajin barci, wanda akan yi wata 3 zuwa 6 bayan tiyata, lokacin da kumburin ciki ya sauka. Na'urarka ta zauna a ajiye har sakamakon ya fito.