Yadda Ake Zaɓen Kejin Waya Mai Ƙwari Domin Kiwon Zomaye

Yawancin masu shiga kiwon zomo sukan ƙarar da kuɗinsu da hankalinsu wajen neman iri mai kyau, su sayo farin New Zealand ko Chinchilla da tsada, sannan su zuba su cikin duk kejin da kafinta ko mai walda na unguwa ya harhaɗa musu. Ni ma haka na fara. Kejina na farko da ragar kaji aka yi masa ƙasa, siririyar nan da ake kewaye akurki da ita, kuma bai cika wata uku ba tsakiyarsa ta lotsa kamar ƙwarya. Wata safiya na tarar gafiya ta bi ta ƙarƙashi ta guntule ƙafafun 'ya'ya biyu da suka zuro ta ramukan ragar. Tun daga ranar, duk kejin da aka nuna mini, ƙasansa nake fara dubawa kafin in tambayi kuɗinsa, domin a kan wannan ragar zomo zai tsaya, ya ci, ya kwanta, ya yi fitsari, dare da rana har ƙarshen rayuwarsa.

Mataki na farko ana yin sa ne tun a gida, kafin a je kasuwa, wato mai kiwo ya san irin zomon da zai ajiye da kuma yawansu. Matsakaicin zomo irin New Zealand ko California yakan kai kilo 4 zuwa 5 idan ya girma. Namiji na wannan iri yana wadatuwa da ɗaki mai inci 30 tsawo da inci 30 faɗi, ita kuwa zomanya mai haihuwa tana bukatar inci 36 da inci 30, wato kusan santimita 90 da 75, saboda akwatin haihuwa zai shiga ciki kuma 'ya'yan za su zauna tare da ita har yaye. Tsayin keji kada ya gaza inci 18, domin zomo ya iya miƙewa ya ɗaga kunnuwansa. Zurfinsa daga ƙofa zuwa bangon baya kada ya wuce inci 30, domin idan ya fi haka hannunka ba zai kai ƙurya ba, kuma zomon da ba ya son a kama shi ƙurya yake nufa. Manyan zomaye kowa da ɗakinsa, musamman maza, waɗanda kan yi wa juna mummunan rauni idan aka haɗa su bayan sun balaga. Saboda haka wanda zai fara da mata uku da namiji ɗaya sai ya lissafa ɗaki huɗu, ya ƙara aƙalla biyu na 'ya'yan da za a yaye, ɗaya na maza ɗaya na mata.

Mataki na biyu shi ne ragar ƙasa, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a natsu. Abu uku ake dubawa, su ne girman idon ragar, da kaurin wayar, da yadda aka ɗora ta. Idon da ya dace shi ne rabin inci a gefe ɗaya, inci ɗaya a ɗaya gefen. Da wannan awo kashin zomo yana faɗawa ƙasa da kansa, ƙafar babban zomo tana samun wurin takawa, ƙafar ɗan zomo kuma ba ta zurmawa. Idan idon ya kai inci ɗaya ta kowane gefe, ƙafa na iya shiga ta karye lokacin da zomo ya firgita ya yi tsalle. Idan kuma ya yi ƙanƙanta, kamar ragar nan mai rabin inci ta kowane gefe da ake sa wa taga, kashin yakan maƙale ya cuɗe da gashi da fitsari, ya zama tamkar daɓe. Wannan ba ƙaramar matsala ba ce, domin ƙwayar cutar koksidiyosis, mai sa 'ya'yan zomo zawo da kumburin ciki, a cikin kashi take fitowa, kuma sai ta kwana ɗaya ko biyu a waje kafin ta iya kama wani zomon. Ragar da ke zubar da kashi nan take ta raba zomo da ita tun ba ta nuna ba.

Kaurin waya da geji ake auna shi, kuma lissafinsa a juye yake, wato gwargwadon girman lambar, gwargwadon sirantar wayar. Geji 14 ya kai kaurin milimita 2, shi ne ya fi dacewa da ƙasan keji. Geji 16, mai kusan milimita 1.6, yana yi wa ƙananan zomaye idan an tallafe shi da kyau. Duk abin da ya fi haka siranta yana lanƙwasawa ƙarƙashin nauyi, kuma siririyar waya tana yanka tafin ƙafa. Masu sayar da raga ba kullum suke sanin gejin kayansu ba, wasu kuma sukan faɗi lambar da suka ga kana so ka ji, don haka ka tafi da tef ɗin awo, ka kuma gwada da hannunka. Ka shimfiɗa tafin hannu a tsakiyar ƙasan kejin ka danna da ƙarfi. Idan ya nutse ya ƙi dawowa, ka tuna cewa uwa mai kilo 5 da 'ya'ya bakwai ko takwas da suka tasa sun fi hannunka nauyi, kuma su ba sa ɗagawa. Keji mai kyau yana da sandar ƙarfe ɗaya ko biyu da aka gitta a ƙarƙashin ragar domin ta riƙe ta. Katako bai dace da wannan aiki ba, saboda kashi na taruwa a kansa.

Akwai wani ɗan sirri da masu walda da yawa ba su kula da shi ba. Raga mai walda hawa biyu ce, wayoyin tsaye a sama, na kwance a ƙasa. Gefen da wayoyinsa suka fi kusa da juna, masu tazarar rabin inci, shi ya kamata ya kalli sama, domin a kansa ƙafar zomo ta fi samun shimfiɗa. Idan an kifa ragar, zomon yana tsaye ne a kan wayoyi masu tazarar inci ɗaya, nauyinsa duka a kan layi kaɗan. Zomo ba shi da tsokar tafin ƙafa irin ta kare ko kyanwa, gashi ne kawai ke tsakanin fatarsa da ƙarfe, kuma da zarar gashin dunduniya ya goge sai fata ta yi ja, ta fashe, ta zama gyambo mai wuyar warkewa.

Mataki na uku shi ne tsatsa. Fitsarin zomo yana da kaifi ƙwarai, kuma baƙin ƙarfe da fenti kawai aka shafa masa ba ya jure shi. Ragar da aka lulluɓe da tutiya, wadda ake kira galbanaiz a kasuwa, ita ake nema, kuma ita ma iri biyu ce. Akwai wadda aka lulluɓe wayar tukuna sannan aka yi mata walda, sai zafin waldar ya ƙone rufin a kowace mahaɗa, daga nan tsatsa ke farawa. Akwai kuma wadda aka gama waldar sannan aka tsoma ragar gaba ɗaya, wadda za ka gane ta da mahaɗunta a rufe, ba su da baƙin tabo. Ta biyun ta fi tsada, amma ta fi daɗewa nesa ba kusa ba, kuma idan kuɗi bai kai a yi keji duka da ita ba, a sa ta a ƙasa kawai, a yi bango da rufi da ta farkon. Ka kama wayoyi biyu a bakin ragar ka ja su da yatsa ko da filaya, idan waldar ta ɓalle cikin sauƙi, ka bar ta. Ragar da aka yi wa rufin roba kuwa ba na ba da shawararta, domin haƙoran zomo ba sa daina tsiro, kullum yana neman abin gaigaya.

Bango da rufi ba su da wuyar sha'ani, ido mai inci ɗaya da inci biyu ya isa. Sai dai a ɗakin haihuwa, inci 4 na ƙasan bangon su kasance da ƙaramin ido irin na ragar ƙasa, domin jariri kan biyo nonon uwa ya fito daga akwati, ya yi ta rarrafe a makance har ya faɗo ta gefe.

Mataki na gaba shi ne ƙofa. Faɗinta ya kai inci 14 ko sama da haka, ta yadda akwatin haihuwa zai shiga ya fita ba tare da an karkata shi ba, domin ana sa shi ne a kwana na 28 bayan barbara, haihuwa kuma wajen kwana na 31, lokacin da ba a son a tayar wa zomanya da hankali. Ka zagaya bakin ƙofar da yatsa a hankali. Inda aka yanke raga yakan bar tsini, wanda ke yaga kunnen zomo da hannun mai kiwo, don haka a goge shi ko a lanƙwasa shi, ko a rufe bakin da faranti siriri. Makullin ya zama sakata ko ƙugiya mai tauri, domin guntuwar wayar da ake murɗawa zomo na iya ture ta da hanci, kare kuma ba ya ko jin ta.

Daga nan sai ƙafafun keji da firam ɗinsa. A ɗaga ƙasan keji kamar mita ɗaya daga ƙasa, saboda iska ta ratsa, shara ta yi sauƙi, kare da muzuru kuma su kasa kaiwa ga tafin zomaye. Idan firam na katako ne, ragar ta kasance ta ciki, katakon ta waje, inda haƙori da fitsari ba za su same shi ba. A wuraren da kwarkwasa ke yawo da damina, ana tsoma kowace ƙafa cikin gwangwani mai baƙin mai, kuma a lura kada ciyawa ko bango su taɓa kejin su zama gada. Keji mai hawa biyu yana rage cin fili, amma dole a sa kwano a karkace tsakanin hawa da hawa, ya zarce bayan kejin, domin ƙazantar na sama kada ta sauka a kan na ƙasa.

Zafi shi ne babban abin da ke kashe zomo a ƙasashenmu, don haka wurin da za a kafa kejin yana cikin zaɓen. Zomo ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 21, yana fara wahala idan aka haura 30, kuma zafi mai tsawo yana rage wa namiji ƙarfin barbara na wasu makonni. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kuwa, daga Maris zuwa Mayu ana wuce digiri 40. Kwanon rufi da aka ɗora kai tsaye a kan keji yana mayar da shi tanda. Gara a sa kejin ƙarƙashin rumfa mai tsayi ko inuwar darbejiya, idan kuma da kwano za a rufe, a bar tazara mai kyau tsakaninsa da kejin, a shimfiɗa zana ko ciyawa a samansa. Da hunturu, a rataya buhu a gefen da iska ke kaɗowa, musamman idan akwai jarirai da ba su yi gashi ba.

Wanda zai sayi kejin da wani ya yi amfani da shi sai ya tambayi dalilin sayarwar. A shekarar 2020 cutar zubar jini ta zomaye ta ɓarke a wasu jihohin Nijeriya ta kashe zomaye masu yawa, kuma ƙwayar da ke kawo ta tana iya yin watanni a jikin kaya. Irin wannan keji a kankare shi da buroshin ƙarfe, a babbake gashin da ya maƙale da harshen wuta ba tare da an gasa wayar ba, a wanke da bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, a ɗauraye, a bar shi a rana kwanaki. Sabon keji ma ana goge shi da ruwan khal a ɗauraye, domin cire ɓurɓushin tutiya da maiƙon masana'anta.

Kafin a sa zomo, a ajiye masa abin hutawa a gefe ɗaya na ɗakin, nesa da kusurwar da yake fitsari. Ni tayil na ɗaki nake sa wa, guda ɗaya mai faɗin ƙafa ɗaya, saboda yana da sanyi lokacin bazara kuma ana wanke shi cikin minti ɗaya. Bayan mako biyu da shigarsa, a ɗaga zomon a duba dunduniyarsa ta baya. Idan gashin ya fara gogewa ko fatar ta yi ja, a sake duba ragar ƙasa, ko ta lotsa, ko a kife aka ɗora ta, ko akwai tsinin walda da ido bai gani ba, a gyara tun fatar ba ta fashe ba.