Yadda Ake Gyara Tagar Rufin Mota Idan Ta Fara Yoyo

Duk wanda ya taɓa shiga motarsa bayan an sha ruwa da dare, ya taka kafet ya ji caɓal, ko ya taka birki ruwa ya zubo masa a wuya daga wajen fitilar silin, ya san takaicin tagar rufi, wato sanruf, idan mota ta kwana biyu. Abin da yawancin mutane ke fara yi shi ne su ɗora wa robar da ta zagaye gilashin laifi, su sayo gam su labta. Ina roƙonka kada ka fara da nan.

Tun daga masana'anta ba a ƙera tagar don ta hana ruwa shiga ɗungurungum ba. Robar tana tare mafi yawa, ragowar yana silalewa ya faɗa cikin wata magudana da ta zagaye tagar ta ƙarƙashi. A kusurwoyin magudanar akwai ƙananan ramuka, galibi huɗu, kowanne da siririn tiyo a jikinsa. Biyu na gaba suna bi ta cikin ginshiƙan da ke gefen gilashin gaba, su fita wajen mahaɗin ƙofa ko bayan tayar gaba. Biyu na baya suna sauka ta ginshiƙan baya, su fita kusa da tayar baya ko bayan bamba. Aikin indararo suke yi. Idan ƙura da ganye da furen bishiya suka taru suka zama taɓo a cikinsu, ruwa ya rasa hanya, sai ya tumbatsa cikin silin. Yawancin yoyon daga nan yake.

Mataki na farko, ka ajiye motar a waje mai daidai, ka buɗe tagar har ƙarshe. Haska da tocila ka duba magudanar. Sau da yawa za ka tarar da baƙin datti ya daskare a kusurwa har ramin ya ɓace. Kwashe shi da hannu ko da injin zuƙar ƙura, sannan ka goge da jiƙaƙƙen tsumma. Ka riƙa jawo dattin waje, kada ka tura shi cikin ramin, don ƙara toshewa zai yi.

Daga nan sai gwaji. Cika ƙaramar gora da ruwa, ka zuba kamar rabin kofi a hankali a kusurwar gaba ta hagu, wani ya tsaya yana leƙen ƙarƙashin motar. Idan hanya a buɗe take, cikin daƙiƙoƙi kaɗan ruwan zai zubo ƙasa shar. Idan ya tsaya cak a magudanar, ko yana fita ɗis-ɗis, ka samu mai laifi. Idan kuwa ya wuce da sauri amma bai fito a ƙasa ba, to ya shige cikin mota, alamar tiyon ya cire ko ya tsage. Yi haka a kowace kusurwa. Ramukan baya ba sa ganuwa a motoci da yawa saboda gilashin da ya ja baya ya rufe su, don haka sai ka ajiye motar gabanta na kallon tudu, ruwan ya gangara can da kansa.

Wajen buɗe toshiya nake so ka fi natsuwa, domin a nan ake ɓata abin da bai ɓaci ba. Abin da ya fi dacewa shi ne zaren leda mai kaurin milimita 2 ko kusa da haka, irin wanda ake sa wa injin yankan ciyawa. Ɗan goga bakinsa ya daina kaifi. Zura shi cikin ramin kaɗan-kaɗan, kana murza shi tsakanin yatsu. In ka ji ya cije, kada ka yi ƙarfi. Ja baya, murza, sake turawa, don tiyon yana da kwana-kwana. Bayan ya shiga mita ɗaya ko fiye, zaro shi, ka bi da ruwan ɗumi mai ɗan sabulu har sai ya fito fes a ƙasa. Kada ka yi amfani da wayar ƙarfe irin ta ratayar kaya. Tiyon tsohuwar mota ya riga ya bushe, huda shi ba wuya, kuma huda ɗaya a cikin ginshiƙi ta fi toshiya goma wahalar gyara. Haka ma iska mai ƙarfi daga kwamfureso: tana iya fisge tiyon daga bakinsa a can cikin silin inda hannu ba ya kaiwa. In dole sai an busa, a yi da famfon hannu, a hankali.

Ka kuma nemi inda tiyon yake fita ta ƙasa. A wasu motoci bakinsa na roba ne mai matsattsen leɓe, kuma a nan taɓo ya fi son kwanciya. Matsa shi da yatsu biyu, amma ka kawar da fuskarka, domin in ya saki, ruwa mai wari ne zai kwararo.

Sai bayan duk wannan za ka waiwayi robar. Wanke ta da ruwa da sabulu, ka bi ta da yatsa kana neman tsagewa ko inda ta lotse. Idan lafiyarta ƙalau, shafa mata giris na silikon kaɗan. Kada ka sa baƙin mai ko man shafawa da aka yi da fetur, suna sa roba ta kumbura ta lalace. Idan ta yage, canji ne kawai maganinta. Rufe tagar ka duba zaman gilashin: a yawancin motoci gabansa yana daidai da rufin ko ya ɗan nutse kamar milimita 1, bayansa kuma daidai ko ya ɗan ɗago. In ya karkace, akwai sukurori a gefensa ta ciki da ake sassautawa a daidaita shi a sake ɗaurewa.

Idan gwajin ya nuna tiyo ya cire, sai an sauke gefen silin da murfin ginshiƙin kafin a mayar da shi a ɗaure da ƙaramin maɗauri. A nan ka yi hattara: motoci da yawa suna da jakar iska ta kariya a naɗe a gefen rufin. Cire kan batir mai alamar ragi, ka jira mintuna kamar 10 kafin ka taɓa wajen. In hannunka bai saba ba, ka kai wa makanike, ka gaya masa takamaimai kusurwar da ke yoyo, ka rage masa lalube. Shi ma zai duba ko magudanar kanta ta tsage ko tsatsa ta cinye ta.

Akwai lokacin da za ka gama komai, ramuka huɗu suna zubarwa, amma kafet na jiƙewa. To ka duba bakin gilashin gaba, da gindin eriya, da tiyon da ke fitar da ruwan na'urar sanyaya mota, wanda in ya toshe yakan jiƙa wajen ƙafar fasinja ko da ba a yi ruwan sama ba.

Kada ka bar danshin da ya riga ya shiga. Sama-sama kafet zai bushe, amma soson da ke ƙarƙashinsa yana riƙe ruwa makonni, kuma ta nan wayoyi ke bi, a wasu motocin ma har da ƙananan kwamfutocin da ke sarrafa ƙofofi da fitilu. Ɗaga kafet ɗin, tokare shi da katako, matse soson da tawul, ka sa fanka ta yi ta kaɗawa kwana ɗaya ko biyu. Daga nan kuma, sau biyu a shekara, ka goge magudanar ka maimaita gwajin rabin kofin nan, musamman in a ƙarƙashin bishiya motar ke kwana.