Yadda Ake Gina Tsarin Adana Bayanai Na Shagon Ɗinki A Zariya

Shagon da ke ɗinka wa mutum kaya bisa awon jikinsa ya sha bamban da shagon da ke sayar da ɗinkakkun kaya, domin a lokacin da ake ciniki, abin da za a biya kuɗi dominsa bai wanzu ba tukuna. Mai kaya yana barin yadinsa da awonsa da wani ɓangare na kuɗinsa, ya tafi da alkawarin ranar da zai dawo ya karɓa. Saboda haka duk tsarin bayanan da za a gina wa irin wannan shago, ko na kwamfuta ne ko na waya, aikinsa na farko shi ne tsare wannan alkawari. Lissafin riba da sauran rahotanni suna biyo baya ne. Manhajojin da aka yi domin kantin sayar da kaya ba su cika dacewa da tela ba, saboda su abin da suka sani shi ne kaya ya shigo, kaya ya fita, ba su san rigar da ta kwana tara a hannun mai aikin wuya ba.

Kafin a sayi na'ura ko a kira mai rubuta manhaja, sai a zauna a shagon a bi kaya guda ɗaya daga shigowarsa har fitarsa, ana rubuta kowane hannu da ya taɓa shi. A buɗe littafin awo da ake amfani da shi yanzu a karanta shi da kyau, domin shi ne tsarin bayanan da shagon yake da shi, kuma yawancin abin da ake buƙata yana ciki: suna, lambar waya, lambobin awo a jere, ɗan zanen wuyan riga, da ƙyallen yadi da aka manna a gefen shafi. A lura kuma da abin da ba ya cikin littafin, wanda ke kan mai shago kaɗai, kamar sanin cewa wani Alhaji ba ya son wando mai matse ƙafa, ko wata Hajiya ba ta biyan ciko sai ƙarshen wata. A tambayi mai yanka da masu ɗinki da yaron shago inda aka fi samun saɓani da masu kaya. Amsoshinsu ne za su nuna abin da ya kamata a fara ginawa.

A Zariya akwai wani abu da dole a saka a lissafi tun farko, wato kaya ba ya zama a shago ɗaya har a gama shi. Garin ya yi suna a aikin babbar riga na hannu, irin su aska biyu da aska takwas, kuma masu wannan aiki da yawa suna cikin birni ne, wasu ma mata ne da ke yi a cikin gidajensu. Shagon da ke Sabon Gari ko Tudun Wada ko Samaru yakan yanka riga, ya aika da ita wurin mai aikin hannu ko mai aikin kwamfuta (wato mai yi wa riga ado da na'ura), ta dawo a haɗa, sannan ta tafi wurin mabuga idan shadda ce. Don haka tsarin yana buƙatar gurbin da zai amsa tambaya ɗaya a kowane lokaci: wannan kaya yana hannun wa, tun yaushe, kuma yaushe ya ce zai dawo da shi.

Daga nan sai a raba bayanan zuwa jadawali daban-daban, maimakon a zuba komai a shafi ɗaya mai tsawo. Wannan dabara ta samo asali ne daga tsarin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya gabatar a 1970, kuma ƙa'idarta ita ce a rubuta kowane bayani sau ɗaya a wuri ɗaya, sauran wurare su riƙa nuni gare shi da lamba. Shagon ɗinki yana buƙatar jadawalin masu kawo ɗinki, da na waɗanda ake aunawa, da na awo, da na aikin da aka karɓa, da na kowane kaya da ke cikin aikin, da na biyan kuɗi, da na ma'aikata. Jadawalin kayan aiki irin su zare da zif da maɓalli yana iya jira, sai dai idan shagon yana sayar da yadi ma.

Dalilin raba mai kawo ɗinki da wanda ake aunawa shi ne sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne. Magidanci yakan kawo ɗinkin kansa da na 'ya'yansa biyar da lambar waya ɗaya, shi zai biya, shi za a kira, amma awo shida ne. Idan aka ɗaure awo a jikin lambar waya, na wani zai hau kan na wani. Haka kuma ba a dogara da suna wajen bambance mutane, domin masu suna ɗaya ba su ƙirguwa, kuma ana rubuta suna ɗaya ta hanyoyi uku ko huɗu. Kowa a ba shi lambarsa ta dindindin, a ƙara da unguwa ko laƙabi domin sauƙin nema. Akwai wata 'yar matsala da ke kama masu amfani da manhajojin jadawali irin su Excel ko Google Sheets: lambar wayar Najeriya tana da alƙaluma 11 kuma da sifili take farawa, idan ba a saita gurbin a matsayin rubutu ba, manhajar za ta ɗauke ta lambar lissafi ce ta jefar da sifilin.

Awo shi ne ya fi cancantar a daɗe a kansa. Kada a taɓa goge tsohon awo a rubuta sabo a kansa. Duk lokacin da aka auna mutum, a buɗe sabon layi mai ɗauke da kwanan wata da sunan wanda ya auna, domin jiki yana canzawa, yaro kan ƙara tsawo tsakanin Sallah da Sallah, kuma teloli biyu ba su cika riƙe tef iri ɗaya ba. Kowane kaya da aka karɓa a haɗa shi da ainihin awon da aka yanka shi da shi, ta yadda idan mai kaya ya dawo yana cewa hannu ya yi gajere, za a iya gane ko a wurin awo aka yi kuskure ko a wurin yanka. Guraben awo su bi nau'in ɗinki: kaftani yana neman tsawo da kafaɗa da hannu da ƙirji da wuya, wando yana neman tsawo da ƙugu da cinya da bakin ƙafa, doguwar riga da siket na mata kuma suna da nasu. A tsaya a kan inci, tunda da shi teloli suke aiki, a kuma amince da hanya ɗaya ta rubuta rabi da kwata, misali 15.5 da 15.25, kada wani ya rubuta da alƙaluma wani da kalmomi. Yana da kyau a sa wa kowane gurbi iyaka, domin idan wani ya buga 71 a kafaɗa maimakon 17, tsarin ya ƙi karɓa. Sannan a bar fili na rubutu zalla domin son ran mai kaya, kamar sakakke ko daidai jiki, aljihu nawa, hannu mai maɓalli ko buɗaɗɗe.

Mata da yawa ba sa zuwa a auna su, sai dai su aiko da rigar da ta yi musu daidai a ɗauki awo a jikinta. Wannan riga amana ce, don haka a rubuta shigowarta, a rubuta ranar da aka mayar da ita da wanda ya karɓa.

Aikin da aka karɓa kuwa, a bambanta shi da kayan da ke cikinsa. Wata Hajiya tana iya kawo turmin atamfa biyu da leshi ɗaya a zuwa guda; aiki ɗaya ne mai lamba ɗaya, amma kaya uku ne, kowanne da salonsa da farashinsa da telan da zai ɗinka. A ce lambar aikin 0412 ce, kayan sai su zama 0412-1 da 0412-2 da 0412-3. Wannan lamba dole ta fito daga na'ura ta hau kan yadin kansa, a rubuta ta a ƙyalle ko takarda mai kauri a ɗinke ta a gefen yadin, ba da alli ba, domin alli yana gogewa. Amfanin hakan yana fitowa fili a lokacin anko, inda mutum 30 za su kawo atamfa iri ɗaya sak, babu abin da ke bambanta ta wannan da ta waccan sai lambar. Ga ɗinkin anko ma a ƙara gurbin sunan bikin da ranarsa, domin a iya jawo dukkan kayan a kallo ɗaya.

A lokacin karɓa, a auna yadin a gaban mai shi a rubuta adadinsa. Turmin atamfa yadi 6 ne, amma shadda da sauran yadudduka ana yanko su ne a kasuwa, kuma ba kullum abin da aka ce wa mai saye yake cika ba. A ɗauki hoton yadin tare da lambarsa, a ɗauki hoton salon da aka nuna a waya a ajiye shi a jikin kayan, kada a bar shi cikin hirar WhatsApp inda zai nutse. Idan yadin yana da tabo ko huji, a nuna wa mai shi a rubuta. A kuma rubuta ko yana son a mayar masa da ragowar yadi.

Matakan aiki kada su yi yawa: an karɓa, an yanka, yana wurin masu aikin ado, ana ɗinki, guga ko bugu, ya kammala, an karɓe. Duk wanda ya miƙa kaya ga wani shi zai canza matakin nan take. Idan matakan suka kai goma sha, ma'aikata za su daina cikewa, tsarin kuma ya fara ƙarya.

Inda tsarin zai fi yi wa shago amfani shi ne wajen ba da rana. Ana zargin teloli da saɓa alkawari, alhali sau da yawa ba mugun nufi ba ne, rashin lissafi ne haɗe da jin nauyin cewa a'a. A auna ƙarfin shagon da gaskiya. Misali, idan teloli huɗu ne, kowanne yana gama kaftani biyu da wandunansu a rana, ƙarfin shagon takwas ne, kuma saboda ɗaukewar wuta da gyare-gyare da ranar Juma'a, ya kyautu a lissafa shida. A ba kowane nau'in ɗinki nauyinsa, kaftani ɗaya, babbar riga uku ko fiye, ban da kwanakin da za ta yi a wurin mai aikin hannu. Sai tsarin ya riƙa tara nauyin da aka ɗora wa kowace rana, ya nuna rana mafi kusa da ke da sarari. Da wannan mai shago zai iya juya allon ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ga an cike har 20 ga wata, sai dai 21." Ranar da za a gaya wa mai kaya kuma ta kasance bayan ranar da ake sa ran gamawa da kwana ɗaya ko biyu. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka Sallah tana matsowa kowace shekara, kuma tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba kusan kwana 70 ne kawai. A bar wa mai shago damar shigar da waɗannan ranaku da kansa, tare da ranar rufe karɓar ɗinki. A kuma tabbatar an saita kwanan wata da rana a gaba sannan wata, domin wasu kwamfutoci suna zuwa da tsarin Amurka, inda 5/6 ke nufin 6 ga Mayu.

Batun kuɗi ba shi da wuya idan aka kiyaye abu ɗaya: kowane biya layinsa daban, da adadi da rana da hanya, tsabar kuɗi ne ko tiransifa ko POS, da sunan wanda ya karɓa. Kafin alƙalami biya ne kamar kowane biya. Ba a rubuta ciko da hannu, tsarin ne zai cire abin da aka biya daga jimla. Tiransifa kuma ba ta shiga littafi sai an ga kuɗin a asusun shago, hoton rasit bai wadatar ba. Tunda an riga an san wanda ya ɗinka kowane kaya, ladan telolin da ake biya bisa adadin ɗinki zai fito da kansa a ƙarshen mako.

Sai yanzu ne za a zaɓi abin da za a gina tsarin da shi. Ƙaramin shago zai iya farawa da Google Sheets, a ɗora AppSheet a kansa, wato manhajar da ke mayar da jadawali ya zama manhajar waya, domin ma'aikata su riƙa cikewa ta waya, kuma ana iya saita shi ya yi aiki ba intanet ya aika bayanan daga baya. Shagon da ke da kwamfuta ɗaya yana iya amfani da manhajar rumbun bayanai ta Microsoft Access. Mai rassa biyu ko fiye gara ya sa a rubuta masa manhaja a kan rumbun bayanai irin MySQL, kuma masu wannan ilimi ba su da wuyar samu a garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Fasaha ta Nuhu Bamalli. A ganina waya ta fi kwamfutar tebur dacewa, domin tana riƙe caji kuma tana da kyamara. Ko wane ne ya gina, a rubuta yarjejeniya cewa asusun da kalmar sirrinsa na mai shago ne, kuma yana iya fitar da bayanansa duka a duk lokacin da ya so, domin ɗalibi yana gama karatu ya bar gari.

Awon jikin mutane da lambobinsu da hotunansu sirri ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai tara su alhakin kiyaye su. Kowane ma'aikaci ya sami kalmar sirrinsa, ya ga abin da ya shafi aikinsa kawai: mai yanka ya ga awo da salo ba tare da lambar waya ba, mai karɓar kuɗi ya ga lissafi. Ba a saka hoton mai kaya a Facebook ko Instagram sai da izininsa. Wanda ya bar aiki a rufe asusunsa a ranar. A riƙa ajiye kwafin bayanan kowane mako a wani wuri da ba shagon ba, a kuma gwada buɗe kwafin lokaci-lokaci.

Kada a fara amfani da sabon tsari a cikin azumi. Bayan Babbar Sallah, lokacin da aiki ya lafa, ya fi dacewa. A ci gaba da rubutu a littafi tare da na'ura na tsawon wata ɗaya ana kwatanta su, kuma ba sai an kwafe tsofaffin littattafai duka ba, duk wanda ya dawo da ɗinki sai a sake auna shi a shigar da shi. Daga ranar farko, mai shago ya riƙa buɗe allo ɗaya kowace safiya kafin a tayar da keke, wanda zai nuna masa kayan da za a karɓa cikin kwana uku masu zuwa, da waɗanda suka wuce lokacinsu a hannun masu aikin waje, da waɗanda aka gama amma masu su ba su zo ba, domin a kira su ko a tura musu saƙo.